Suna Ko Tallafi: Wanne Ya Kamata Yaro Ya Bi?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in kawo wata magana gaban malamai da akawuna da sauran masu karatu, gama na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba. Maganar kuwa ita ce, idan yaro ya ci jarrabawa aka ajiye masa abu biyu, ga babbar jami'a mai suna wadda iyayensa za su biya, ga kuma wata wadda ba ta kai ta suna ba amma an ɗauke masa nauyin kome, wanne ya kamata ya ɗauka?

Ga yadda abin ya same mu. Ina da wa, tela ne a Kawo, Allah ya ba shi 'ya'ya biyar. Babban cikinsu tun yana ƙarami ba shi da wata magana sai ta kwamfuta. Da ya gama sakandare ya zauna jarrabawar JAMB, Allah ya ba shi sa'a, makin da ya samu ya isa a ɗauke shi karatun ilmin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita ya zaɓa tun da fari. Ana cikin murna sai ga takarda daga wata ƙungiya mai taimakon 'ya'yan talakawa, suka ce za su biya masa kuɗin makaranta, su saya masa kwamfuta ta tafi-da-gidanka, su riƙa ba shi kuɗin mota kowane wata. Sharaɗinsu guda ne, watau ya yi karatun a Jami'ar Jihar Kaduna, wadda ke nan cikin gari a Hanyar Tafawa Ɓalewa.

Yaro ya ce shi Zariya ko oho. Uban kuma, don ƙaunar ɗansa da son a ce ɗan tela ya shiga Samaru, ya zo ya same ni da dare ya ce mu sayar da gonar da mahaifinmu ya bar mana a ƙauye. Kada in ɓoye muku, ni ma ina da rabo a cikin gonar nan, saboda haka mai karatu ya auna maganata da wannan. Amma Allah ya sani, da sayar da ita ne mafita, da ni zan fara sa hannu.

To, jama'a, kafin in faɗi inda na tsaya, bari in ba babbar jami'a haƙƙinta, don wanda ya ce suna banza ne bai faɗi gaskiya ba. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ne ya tsaya tsayin daka har ta kafu. Ita kuwa Jami'ar Jihar Kaduna sai a 2004 aka kafa ta, watau akwai shekara 42 tsakaninsu. A cikin shekarun nan Zariya ta tara littattafai a Laburaren Kashim Ibrahim, ta tara manyan malamai, ta kuma kafa cibiyar kwamfuta wadda ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Da wuya ka shiga wani babban ofis a Arewa ba ka tarar da tsohon ɗalibinta a ciki ba, har marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa can ya yi karatu. Yaron da ya je can zai kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi, ya koyi zama da mutane da riƙe kansa nesa da tukunyar uwarsa. Waɗannan duka riba ce, ban musa ba.

Amma ni akawu ne, sana'ata lissafi, saboda haka na ɗauko takarda na ce wa yayana mu rubuta abin da Zariya za ta ci. Muka rubuta kuɗin rajista na kowace shekara, da kuɗin ɗaki, in ba a sami na cikin makaranta ba a kama haya a Samaru. Muka rubuta abinci sau uku a rana, da kuɗin mota daga tashar Kawo zuwa Zariya, tafiyar kamar mil 50, da kuɗin takardu da magani. Sa'an nan muka zo kan babbar, watau kwamfutar kanta, wadda ɗalibin wannan fanni in ba shi da ita kamar manomi ne ba fartanya, ga kuma kuɗin intanet kowane wata. Da muka haɗa muka riɓa sau huɗu, sai yayana ya yi shiru. Kuɗin gonar za su kai yaro tsakiyar kogi ne kurum, ba za su fid da shi gaci ba. Bayansa kuwa ga ƙanne huɗu, biyu mata, waɗanda su ma makaranta suke, kuma kowa ya san in aljihu ya yi ƙunci a gidan talaka, karatun 'ya mace aka saba fara yankewa.

Har ma riɓawa sau huɗun nan ƙarancin lissafi ne. Masu karatu za su tuna ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata 9 a 2020, ta kuma yi wani na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba na shiga maganar wa ke da laifi, abin da ya dame ni shi ne karatun shekara huɗu ya zama na biyar ko shida ga ɗalibai da yawa, mai gidan haya kuwa bai san yaji ba, in shekara ta cika sai ya miƙo hannu. Jami'o'in jihohi ma ba su tsira daga irin wannan ba, amma yaron da ke kwana a gidan ubansa, in an rufe makaranta ba ya bin kowa bashin ɗaki.

Yanzu sai mu duba shi kansa ilmin da ake gardama a kai, don a nan ne gaskiyar maganar take. Mutane da yawa suna tsammani ilmin kwamfuta shi ne iya buga takarda, irin wanda muke yi a ofis. Ba haka ba ne. Tushensa lissafi ne da mantiƙi. Ana koya wa ɗalibi yadda zai ɗauki matsala ya rarraba ta daki-daki, har ta zama umarni ƙanana waɗanda inji zai bi ba tare da kuskure ba. Kana ya koyi harsunan da ake rubuta umarnin da su, kamar Python da Java da C, ya koyi yadda ake tsara rumbun bayanai, da yadda kwamfutoci ke magana da juna, da yadda ake tsare su daga ɓarayi. A tsakiyar karatun akan tura shi wata ma'aikata ya yi 'yan watanni yana koyon aiki da hannu. Jigon manhajar kuwa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke tsara shi, ita ke kuma zagawa tana duba kowane sashe kafin ta amince da shi. Ashe ke nan ƙashin bayan karatun ɗaya ne, ko a Samaru ko a Kaduna.

Wani abin da ya bambanta wannan fanni da sauran shi ne kayan aikinsa. Mai koyon likita dole ya sami babban asibiti, mai koyon injiniya dole ya sami manyan injuna, a nan kam girman makaranta yana da tasiri ƙwarai. Amma mai koyon kwamfuta, maƙerarsa tana cikin jakarsa. In yana da kwamfuta mai lafiya, da wuta, da intanet, da cikin da ba ya kukan yunwa, ya sami abin da ake bukata. Jami'ar Harvard ta Amurka ta saki darasinta na masu fara koyo, wanda ake kira CS50, kowa ya bi kyauta. Makarantar MIT ma ta fi shekara 20 tana zuba darussanta a intanet ba ko kwabo. Yaron Unguwar Shanu da na Unguwar Kanawa suna iya sauraron malamin da ɗan attajirin Amurka ke saurare. Abin da zai hana su shi ne rashin kayan aiki da rashin natsuwa, waɗannan kuwa su ne daidai abin da tallafi ke sayo wa yaro.

Haka kuma wajen ɗaukar aiki. A ofisoshin gwamnati har yanzu takardar shaida ce gaba, kuma digirin kowace jami'a da hukuma ta amince da ita mataki ɗaya yake sa mutum. A kamfanoni kuwa, musamman masu ɗaukar ma'aikaci yana zaune a gida yana yi musu aiki daga nesa, sukan ba mutum matsala ne su ce ya warware a gabansu, su kuma duba abin da ya taɓa ginawa ya ajiye a wurare irin su GitHub. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ranar nan sunan makaranta yana iya buɗe maka ƙofa, amma ba zai zauna kan kujera ya rubuta maka amsa ba.

Kada a ce zance nake ba shaida, ga misalai waɗanda kowa zai iya bincikawa. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a nan Kaduna a 1966 ya tashi a Sakkwato, ya sami shiga Jami'ar Ahmadu Bello karatun zanen gine-gine, amma ya bar ta ya koma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi, ya gama a 1988. A 1990 hukumar tallafin karatu ta Jihar Sakkwato ta ɗauki nauyinsa zuwa birnin Detroit na Amurka koyon zanen motoci. Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt wadda aka fara nuna wa duniya a 2007. Labudda ranar da ya bar Zariya akwai waɗanda suka ce ya yi wauta.

A fannin kwamfuta kansa, Isa Ali Pantami a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci ya yi digirinsa na fari, jami'ar da aka kafa a 1980, daga baya ya tafi Jami'ar Robert Gordon a ƙasar Sikotilan ya yi digirin digirgir. Ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016, ya zama Ministan Sadarwa daga 2019 zuwa 2023. Wanda ya gaje shi a NITDA a 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, shi ma a Baucin ya karanta ilmin kwamfuta. In muka leƙa waje kuma, Linus Torvalds yana ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar garinsu, Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara rubuta Linux a 1991, wanda a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin yawancinmu.

Ko magabatanmu ma ba su ga aibi ga karɓar tallafi ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da tallafi ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Dukansu sai da suka yi karatu a gida, suka yi aikin koyarwa, sa'an nan ƙofar waje ta buɗe musu. Darasin da na ɗauka shi ne, babban suna ba ya guduwa. Wanda ya gama digirin fari da sakamako mai kyau yana iya neman na biyu a Zariya, ko ya nemi tallafin zuwa waje irin na PTDF ko na Commonwealth, waɗanda galibi sakamako suke dubawa. Wanda kuwa ya shiga babbar makaranta ya yi shekara huɗu yana fama da yunwa da neman kuɗin rajista, ya fito da sakamako mai rauni, ya sami suna ya rufe wa kansa ƙofar gaba. Wanda ya fi shi hasara shi ne wanda kuɗi suka yanke masa a shekara ta uku, ya koma gida ba gona ba takarda.

Wannan magana ta fi ƙarfi ga masu hangen jami'o'in ƙasashen waje da kuɗin aljihunsu. Kafin watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance kan kamar naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya yi lissafinsa da tsohon canji ya wayi gari kuɗin makarantar ɗansa sun riɓa uku, alhali makarantar ba ta ƙara masa ko sisi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani zai ce, ai akwai bashin karatu. Gaskiya ne, a watan Afrilu na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta kafa asusun NELFUND, aka fara karɓar takardun ɗalibai a watan Mayu. Bashi ne marar ruwa, an tsara ya biya kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wannan taimako ne babba ga wanda ba shi da wata hanya, ina ma ba irinsa shawara ya nema. Amma bashi bashi ne, hanji ne yana cikin kowa, kuma ban ga hikimar mutum ya ture kyauta ya ɗauki rance ba.

Duk da haka, ya ku 'yan'uwa, ba kowane tallafi ake rufe ido a karɓa ba. A makarantar mishan da na yi, an hore mu da cewa kada ka sa hannu a takarda sai ka karanta ta har ƙasa, har ƙananan rubutun. Saboda haka ga abubuwa biyar da nake roƙon kowane uba ya bincika.

Na fari, alkawarin a rubuce yake, da sa hannu da hatimi, ko kuwa faɗar baki ce a wurin taro? Alkawarin da aka yi don tafi, yakan watse tare da taron.

Na biyu, me da me ya ƙunsa? Kuɗin makaranta kaɗai, ko har da kayan aiki da abin hawa? Tallafin da ya biya rajista ya bar ɗalibin kwamfuta ba kwamfuta, rabin tallafi ne.

Na uku, da me ake ƙidayar wa'adinsa? In an ce shekara huɗu ta kalanda, yajin aiki ɗaya ya isa ya cinye ta ƙarshe. A nemi a rubuta cewa sai yaro ya gama.

Na huɗu, wane maki ake so yaro ya riƙe, kuma in ya yi tuntuɓe zango ɗaya saboda ciwo ko rasuwa, za a yi masa uzuri ko za a yanke nan take? A kuma tambaya ko akwai aikin da za a ɗaure shi da shi bayan ya gama, da tsawonsa.

Na biyar, kuma shi ya fi duka, shin hukumar jami'o'i ta amince da sashen da za a sa yaron? A je a gani da ido, a shiga ɗakin kwamfutocin, a tambayi ɗaliban da ke shekara ta uku ko malamai na zuwa aji. In sashen ba shi da amincewa, ko tallafin na zinariya ne a bar shi, domin takardar da za a ba yaro a ƙarshe ba za ta yi masa amfani ba.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya rushe, ko kuwa uba yana da halin biya ba tare da ya sayar da abin dogaronsa ko ya tauye sauran 'ya'yansa ba, to, babbar jami'a ta fi, a tafi da albarka. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da nake ƙi shi ne talaka ya daka rawar mai kuɗi don a yabe shi a bakin kasuwa.

Mu dai ga yadda muka ƙare. Na ɗauki takardar ƙungiyar na karanta sau uku, na tarar an rubuta shekara huɗu. Muka je ni da yayana muka roƙa a gyara, suka karɓe mu da mutunci, suka rubuta cewa har ya gama. Muka je makarantar muka zaga, muka tabbatar da abin da ya kamata mu tabbatar. Sa'an nan na kira yaron. Ya zauna ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baffa, abokaina duk za su ce na kasa ne." Na ce masa, "Ɗana, abokanka za su yi maganar nan wata ɗaya su manta. Ƙannenka kuwa, in aka fid da su daga makaranta saboda kai, har tsufa ba za su manta ba." Bai amsa ba. Ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, ni ma ban ji daɗin ganinsa haka ba, gama ba ƙaramin abu ba ne a ce wa yaro ya ajiye abin da ya ci da guminsa. A rana ta uku ya zo da kansa ya ce a kai shi ya sauya zaɓin makaranta. Na kuma ɗaukar masa alkawari a gaban ubansa, cewa in ya fito da sakamako mai kyau, ni zan biya masa kuɗin neman shiga digiri na biyu a Zariya daga albashina. Gona tana nan, bana ma an shuka masara.

Ban ce na san gaibu ba. Mai yiwuwa ne wata rana ya ga abokinsa da ya tafi Samaru ya riga shi samun aiki ta hanyar wani da suka zauna aji ɗaya, ya tuna da ni da ɓacin rai. Na yarda in ɗauki wannan, gama Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

A ƙarshe ina da roƙo biyu. Na fari ga malaman makarantu, waɗanda yara suka fi jin maganarsu fiye da tamu: in yaro ya zo neman shawara, ku tambaye shi halin gidansu kafin ku tambaye shi makinsa, kada ku tura shi inda zai ƙara wa makarantarku suna alhali ubansa zai kwana da bashi. Na biyu ga attajiranmu na Kaduna da Zariya da Kano: yaran da ke da kai ba su da hali sun fi tallafin da ake bayarwa yawa nesa ba kusa ba. Kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya ya isa ya kai yara da dama ƙarshen karatu, in kuwa kun yi niyya, ku rubuta alkawarinku ku cika shi a kan kari.

In akwai malami ko akawu da ya ga kuskure a lissafina, ina roƙo ya rubuto ta wannan fili mu ƙaru, musamman waɗanda suka bi ɗaya hanyar suka ga amfaninta. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya ba iyaye abin riƙe su, ya ƙara wa jaridarmu farin jini, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Unguwar Sarki, Kaduna.